TARIHIN RUMBUN KWAMFUTA DA FAMAN DA AKA YI DON A ƘARA MATA SAURI

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa mai sayar da hatsi da takin zamani, ya rubuto mana yana cewa kwamfutar da yaronsa ke riƙe masa lissafi a cikinta ta yi nauyi ƙwarai. Ya ce mai gyara ya ba shi zaɓi biyu, ko dai a haɗa mata faifan ajiya guda biyu su riƙa aiki tare, ko kuma a sa mata wani abu wai shi SSD. Shi ne yake so a ba shi tarihin waɗannan abubuwa, su wa suka ƙago su, kuma wanne ya fi, don kada ya zuba kuɗinsa inda ba zai ga amfani ba. Wasu masu sauraro kuma sun tambaya ko katin memori na wayar hannu dangin abin ne.

AMSA: Abin da ya dame ka matsala ce da masana suka shafe kusan shekara 70 suna fama da ita, kuma zaɓi biyun nan da mai gyara ya ba ka, kowannensu yana da tarihinsa. Amma kafin mu shiga tarihin, bari mu fara da shagonka, domin ta nan ne za ka fi saurin kama zancen.

Kowace kwamfuta tana da abubuwa uku da suka shafi maganarmu. Na farko shi ne ƙwaƙwalwar lissafi, wadda masu gyara ke kira furosesa. Ita ce kamar kai mai shago, mai awo da ba da canji. Na biyu shi ne ma'ajiyar wucin gadi da ake kira RAM. Ita ce teburin da ke gabanka, inda ka baza kayan da ake ciniki a kansu yanzu-yanzu. Na uku shi ne faifan ajiya, watau sitonka da ke can bayan kasuwa inda buhuna ke jibge. Komai saurin hannunka wajen awo, in kayan tebur suka ƙare, dole ka jira yaro ya je sito ya dawo. Mai saye na tsaye, kai ma kana tsaye. To sau da yawa nauyin da kake gani a kwamfuta, wannan jiran ne.

Akwai kuma wani bambanci da nake so ka riƙe, don za mu yi ta komowa kansa. Teburin nan na RAM, da zarar an ɗauke wuta, duk abin da ke kansa ya tafi, kamar rubutun da aka yi a rairayi iska ta bi ta kai. Shi kuwa sito yana riƙe da kayansa, da wuta ko babu wuta.

KAFIN A SAMI FAIFAI

A shekarar 1890, lokacin ƙidayar jama'a a ƙasar Amurka, an yi aiki da injin wani mutum mai suna Herman Hollerith, wanda ke karanta katin kwali mai huje-huje. Kowane huji yana da ma'anarsa. Kamfanin da wannan mutum ya kafa yana cikin waɗanda aka haɗe a 1911, aka sami kamfanin da ya ɗauki sunan IBM a 1924. Katin da IBM ya fito da shi a 1928 haruffa 80 kawai yake ɗauka, saboda haka lissafin babban kamfani sai ya cika ɗakuna da akwatunan kati.

A 1951 sai aka fara ajiye bayanan kwamfuta a kan zare mai maganaɗisu, kakan zaren kaset ɗin da ka sani. Ya fi kati ɗaukar kaya nesa ba kusa ba, amma yana da cutar da kaset ke da ita. In waƙar da kake so tana ƙarshe, dole ka yi ta naɗe zare har ka kai gare ta. Kamar a ce sitonka dogon lungu ne mai ƙofa ɗaya, ba ka isa buhun ƙarshe sai ka ɗaga duk na gabansa.

FAIFAN FARKO, 1956

Maganin wannan ya fito ne daga wani ɗakin bincike na IBM da ke garin San Hose a jihar Kalifoniya, ƙarƙashin jagorancin Reynold Johnson, wanda asalinsa malamin makaranta ne. A watan Satumba na 1956 suka fito da wata kwamfuta mai suna RAMAC, da rumbunta mai lamba 350. In ka taɓa ganin faifan garmaho, to ka ga kamannin abin. Faya-fayan ƙarfe ne guda 50, kowanne faɗinsa inci 24, an jera su wani bisa wani a kan sanda ɗaya, suna juyawa sau 1,200 a minti. Wani hannun ƙarfe ne ke hawa da sauka yana kai allurar karatu duk inda ake so kai tsaye, ba sai an bi ta kan sauran ba.

Girman wannan rumbu ya kai firji biyu, nauyinsa kuma wajen tan ɗaya. Kamfanoni hayar kwamfutar suke yi a kan dala 3,200 a wata. To nawa yake ɗauka? Haruffa miliyan 5, watau ƙasa da megabait 4 a awon yau. Hoto ɗaya mai kyau da ka ɗauka da wayarka, ko waƙa ɗaya, ya isa ya cika shi. Katin memori mai gigabait 32, wanda bai fi farcen yatsanka ba, ya ninka shi fiye da sau 8,000. Duk da haka a wancan lokaci abin mamaki ne, domin cikin ƙasa da sakan ɗaya yana nemo maka lissafin kowane mai bashi.

Daga nan aka shiga rage masa jiki ana ƙara masa ciki. A 1973 IBM ya fito da wani samfuri da ake wa laƙabi da Winchester, inda aka haɗa faya-fayan da allurarsu cikin akwati ɗaya rufaffe, don ƙura ita ce babbar abokiyar gabarsu. A 1980 kamfanin Seagate ya yi faifai mai megabait 5 wanda zai shiga ƙaramar kwamfutar tebur, kuɗinsa dala 1,500. A 1983 kwamfutar IBM mai suna XT ta zo da faifai mai megabait 10 a cikinta. A 1988 wasu masana biyu, Albert Fert na Faransa da Peter Grünberg na Jamus, kowanne a nasa ɓangaren, suka gano wata ɗabi'a ta maganaɗisu wadda ta sa aka iya ƙera allurar da ke karanta rubutu mitsi-mitsi. IBM ya sa ta a faya-fayansa a 1997, su kuma masanan aka ba su lambar yabo ta Nobel a 2007. A wannan shekara ta 2007 ce kamfanin Hitachi ya fito da faifai mai terabait ɗaya, watau gigabait 1,000.

Ka ga ke nan ta wajen yalwa an ci nasara. Ta wajen sauri ne aka daɗe ana jan ƙafa, kuma dalili a fili yake. Faifai ƙarfe ne mai juyawa, allura kuma hannu ne mai motsi. Kafin a karanta komai, sai hannun ya matsa zuwa layin da ake so, sa'an nan a jira faifan ya juyo da wurin. A faifai mai juyawa sau 7,200 a minti, wannan jira yakan kai kashi ɗaya cikin ɗari na sakan. A wurinka ba komai ba ne. A wurin furosesa kuwa, wadda ke yin lissafi miliyoyi cikin wannan ɗan lokaci, zaman banza ne mai tsawo.

Masu kwamfuta sun yi ta dabaru. An ƙara wa faifai gudu, Seagate ya kai shi juyi 10,000 a minti a 1996, sa'an nan 15,000 a shekarar 2000, amma zafi da ƙara da cin wuta suka ƙaru. An gano cewa bakin faifai ya fi tsakiyarsa saurin karatu, sai wasu suka riƙa yanka faifan kashi-kashi suna ajiye muhimman abubuwa a bakin. An kuma lura cewa yau da gobe takarda ɗaya takan warwatse a wurare da yawa cikin faifai, kamar mai sito da ya zuba gero a kusurwa huɗu, don haka ake yin aikin tattara ta wuri guda lokaci-lokaci. Duk waɗannan sun taimaka, amma ba su kashe cutar ba.

DABARAR HAƊA FAIFAI DA YAWA

Yanzu mun zo kan zaɓi na farko da mai gyara ya ba ka. A Jami'ar Kalifoniya da ke garin Berkeley, wasu masana uku, David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, sun dubi yadda manyan kamfanoni ke kashe maƙudan kuɗi kan manyan faya-fayai, alhali ga ƙananan nan masu araha da ake yi wa kwamfutocin tebur. Suka ce, me zai hana a tara ƙananan da yawa su yi aiki tare kamar guda ɗaya? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sun gabatar da ƙasidarsu a wani taron masana a birnin Shikago a watan Yuni na 1988, suka kuma raɗa wa tsarin suna RAID. Wasu sassan dabarar sun girmi ƙasidar, domin tun a 1977 wani injiniyan IBM mai suna Ken Ouchi ya nemi a yi masa rajistar irin wannan tunani. Amma su ukun nan ne suka tsara abin daki-daki, suka ba shi sunan da duniya ta ɗauka.

Su da kansu sun faɗi haɗarin da ke ciki. Suka yi lissafi cewa in faifai ɗaya yakan yi awa 30,000 kafin ya lalace, to in ka tara guda 100, kowace awa 300 ɗaya zai mutu, watau ba a cika mako biyu ba tare da asara ba. Saboda haka babban aikinsu shi ne nemo yadda faifai zai mutu amma kaya su tsira. Ga manyan hanyoyin da ake bi har yau.

Akwai wanda ake kira RAID 0. Ana tsaga kowace takarda, a rubuta rabi a wannan faifai, rabi a wancan, a lokaci guda. Wajen manyan kaya kamar fim, sauri yakan kusan ninkawa. Amma ka yi tunanin mai fataucin takalma da ya ɗora duk ƙafar dama a jaki ɗaya, duk ƙafar hagu a wani jakin. Tafiya ta yi sauri don kaya sun rabu, amma in jaki ɗaya ya faɗa kogi, abin da ke kan ɗayan ma ya zama shara. Haka RAID 0 yake. Faifai ɗaya ya mutu, komai ya tafi. Wannan tsari ma ba ya cikin biyar ɗin da masanan suka lissafa a ƙasidarsu, don ba shi da kariya ko kaɗan.

Akwai RAID 1. Duk abin da aka rubuta a faifai na farko, ana rubuta irinsa a na biyu, kamar ka sa yara biyu su riƙa rubuta littafin bashi iri ɗaya. In ɗaya ya lalace, ɗayan na nan. Ka sayi faifai biyu amma wurin ajiyar guda ɗaya ka samu, kuma saurin rubutu bai ƙaru ba.

Sai RAID 5, wanda ke bukatar faifai uku ko fiye. Ga misalin yadda yake. Ka rubuta buhu 7 a littafi na farko, buhu 5 a na biyu, sa'an nan ka rubuta jimla 12 a na uku. In littafi na biyu ya ɓace, ka cire 7 daga 12, ka sami 5. Duk wanda ya ɓace cikin ukun, sauran biyun za su dawo maka da shi. Lissafin da kwamfuta ke yi ya ɗan bambanta da wannan, amma hikimar ke nan. In biyu suka ɓace tare kuwa, an yi asara, shi ya sa daga baya aka ƙaro RAID 6 mai jure mutuwar faifai biyu. Bankuna da kamfanonin waya da manyan rumbunan intanet duk suna dogara ga irin waɗannan tsare-tsare.

Ka lura da abu biyu. Na farko, haɗa faifai yana ƙara yawan kayan da ake kwasowa a tafiya ɗaya, amma bai rage nisan sito ba. Buɗe kwamfuta da buɗe littafin lissafi kuwa ƙananan aike ne masu yawan gaske, don haka a irin aikinka ba za ka ga bambanci mai yawa ba. Na biyu, ko RAID 1 ba ya tsare ka daga kuskure. In yaro ya goge takarda, ta gogu a faya-fayan biyu. In ɓarawo ya ɗauki kwamfutar, ko gobara ta tashi, ko wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona ta, duka biyun sun tafi tare.

MAI DA TEBUR YA ZAMA SITO

Wasu masanan kuma ta wata hanya suka ɓullo. Suka ce tunda motsin ƙarfe ne ke kawo jinkiri, a ajiye kaya inda babu abin da ke motsi. Irin RAM ɗin da ake aiki da ita yau, Robert Dennard na kamfanin IBM ne ya ƙago ta a 1966, kamfanin Intel kuma ya fito da ita kasuwa a 1970, a wani ɗan guntu da bai wuce ya riƙe haruffa 128 ba. A 1978 kamfanin StorageTek na Amurka ya ƙera wa manyan kwamfutoci rumbun da babu faifai a cikinsa, mai megabait 45, a kan dala 400,000. Sauri kam akwai shi, sai dai kuɗin ba na kowa ba ne.

Masu ƙananan kwamfutoci sai suka sami tasu dabarar. A wajejen 1980 wani mutum a Ingila mai suna Jerry Karlin ya rubuta manhajar da ke yankar wani ɓangare na RAM, ta sa kwamfuta ta ɗauke shi tamkar faifai. IBM ya sa irin wannan a tsarinsa na DOS a 1984, Microsoft ma ya sa nasa a 1986. A zamanin da mutane ke aiki da ɗan faifan nan mai laushi da ake zurawa a cire, wanda ke gurnani kafin ya buɗe takarda ɗaya, wannan dabara ta zama kamar tsafi. Da safe sai mutum ya kwashe kayan aikinsa ya zuba a wannan faifan na RAM, ya yi ta aiki kamar walƙiya.

To amma ka tuna abin da na ce ka riƙe. In wuta ta ɗauke kafin ya mayar da aikin cikin faifai na gaske, wahalar yini guda ta tafi. Sauri ya haifi nawa ke nan. Wasu kamfanoni sun gwada haɗa RAM da batir, kamar wanda kamfanin Gigabyte na Taiwan ya fitar a 2005 mai ɗaukar gigabait 4, amma batir ɗin na awoyi ne kawai. Bugu da ƙari, duk abin da ka yanka daga tebur ka mai da shi sito, teburin ya ragu. Kwamfutocin yau ma da kansu suke ajiye abin da ka buɗe kwanan nan a sararin RAM da ba a aiki da shi, saboda haka amfanin dabarar ya ragu. Har yanzu ƙwararru na yin ta don kayan wucin gadi da ba a damu da ɓacewarsu ba. Ga mai riƙe lissafin bashi a garin da wuta ke zuwa tana tafiya, wannan hanya ba taka ba ce.

MUTUMIN JAPAN DA YA KAWO MAFITA

Abin da ake nema shi ne ma'ajiyar da ba ta motsi, kuma ba ta mantuwa in wuta ta ɗauke. Wanda ya buɗe wannan ƙofa shi ne Fujio Masuoka, injiniya a kamfanin Toshiba na ƙasar Japan. Tun farkon shekarun 1980 yake aikin, ya gabatar da samfurin farko a wani taro a San Faransisko a 1984, sa'an nan a 1987 ya kawo na biyu mai suna NAND, wanda shi ne ya cika duniya yau. Yadda abin yake, ƙananan ɗakuna ne bila adadin a cikin ɗan guntu, ana kulle ɗigon lantarki a kowane ɗaki, kuma yana nan a kulle ko an cire wuta. Wani abokin aikinsa, Shoji Ariizumi, shi ya ba abin suna filash, domin yadda ake goge shi a lokaci guda ya tuna masa da walƙiyar fitilar kyamara.

Kamfanin Intel na Amurka ne ya riga kai samfurin farko kasuwa a 1988. Shi kuwa Masuoka ya bar Toshiba a 1994 ya koma koyarwa a Jami'ar Tohoku. Daga baya ya kai kamfanin ƙara yana neman ladan ƙirƙirarsa, aka sasanta a 2006 aka biya shi yen miliyan 87, kuɗin da bai taka kara ya karya ba in aka gwada da cinikin da ake yi da abin da ya ƙago.

A 1991 kamfanin SunDisk, wanda daga baya ya koma SanDisk, ya yi wa IBM rumbun filash mai megabait 20 a kan wajen dala 1,000. In ka buga lissafi, gigabait ɗaya ya kama dala 50,000 ke nan. Wannan shi ne kakan SSD ɗin da mai gyara ya ambata maka. A shekarar 2000 ɗan filash ɗin nan da ake sokawa a gefen kwamfuta ya shigo kasuwa, na IBM megabait 8 yake ɗauka. Ƙaramin katin memori da ke cikin wayoyi kuwa ya sami sunansa na microSD a 2005. Saboda haka ga masu tambaya ta biyu, i, uwa ɗaya uba ɗaya suke. Katin memori da filash da ma'ajiyar cikin waya da SSD duk 'ya'yan aikin Masuoka ne. Bambancin SSD shi ne yana da guntaye da yawa da ke aiki tare, da wani ɗan shugaba a ciki mai raba musu aiki. Ka ga dabarar mutanen Berkeley ta haɗa hannu ta dawo ta wata ƙofar.

Daga wajejen 2008 farashin SSD ya fara saukowa inda talaka zai iya kallo. A ƙarshen 2011 ambaliyar ruwa ta mamaye masana'antun faifai a ƙasar Tailan, farashin faifai mai juyawa ya yi tashin gwauron zabi a duk duniya. Kai ɗan kasuwa ka san yadda abin yake in ruwa ya ci gonakin da ake kawo maka kaya. A shekarar 2011 ɗin ce kuma aka fitar da wani sabon tsarin haɗi mai suna NVMe, wanda ya ba SSD hanya mai faɗi zuwa furosesa. Faifai mai juyawa yakan karanta megabait 100 zuwa 250 a sakan. SSD mai tsohon haɗi yana kai 550, mai sabon haɗi kuwa akwai mai kai 7,000 har da fiye. Cikin kamfanoni masu yawa da suka taɓa ƙera faifai mai juyawa, uku suka rage, Seagate da Western Digital da Toshiba.

Don ka ga nisan da ke tsakaninsu, bari mu ja lokacin ya yi tsawo. A ce ɗauko abu daga RAM sakan ɗaya ne, kamar ka miƙa hannu kan tebur. To ɗaukowa daga SSD zai zama kamar minti 17. Daga faifai mai juyawa, kwana ɗaya da 'yan awoyi. Daga rumbun RAMAC na 1956 kuwa, fiye da wata biyu, tafiyar ayarin raƙuma.

TO WANNE ZA KA ZAƁA?

In kwamfutarka faifai mai juyawa ne a cikinta, SSD guda ɗaya zai fi ba ka saurin da za ka gani da idonka a kan faifai biyu da aka haɗa a RAID 0, kuma ba ka ninka haɗarin asara ba. Yana jure girgiza da jijjigar hanya fiye da faifai, ba ya ƙara, kuma bai kai shi cin batir ba. Ka ce wa mai gyaran ya duba RAM ɗin ma, domin in tebur ya yi ƙanƙanta, dole a yi ta zirga-zirga zuwa sito. Gigabait 8 ya wadatar da aikin shago.

Amma SSD ma yana da nasa halin. Kowane ɗaki a cikinsa yana da iyakar sau nawa za a goge shi a sake rubutu, kodayake a aikin shago za a yi shekaru ba a kai wannan iyaka ba. Ba a yi masa aikin tattarawar nan da ake yi wa faifai, ba ya bukata. In aka ajiye shi shekaru ba a sa masa wuta ba, ɗigon lantarkin nan yana iya zurarewa. Sa'an nan shi faifai sau da yawa yakan yi gargaɗi da ƙara ko ƙwanƙwasa kafin ya mutu, shi kuwa SSD yana iya mutuwa farat ɗaya, kuma ceto kaya daga cikinsa aiki ne mai wuya da tsada.

Saboda haka kada ka yar da tsohon faifanka. A sa maka shi cikin ɗan akwatinsa, duk mako a kwafi lissafinka a zuba a ciki, ka tafi da shi gida, kada ya kwana a shago tare da kwamfutar. Ka'idar da ƙwararru ke bi ita ce kwafi uku, a ma'ajiya iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri dabam. Littafin bashi na takarda ma kada ka raina shi.

Ga masu waya kuma, in kun ga an rubuta a kwali cewa RAM ɗin gigabait 4 ne da ƙarin 4, ku sani a wayoyi da dama ƙarin nan aro ne daga ma'ajiyar wayar, watau an yanki sito an kira shi tebur, kuma ba ya kai RAM na gaske sauri. Haka nan akwai katunan memori na jabu da ake rubuta musu babban adadi alhali cikinsu ƙarami ne, sai sun cika hotuna da takardu su fara lalacewa. In kun ga farashi ya yi ƙasa fiye da kima, ku tuna araha ba ta ado, ku sa a gwada muku katin a gabanku kafin ku biya.